Tiya Arba'in a Wuyan Ilu

Ku samarin da kuke yawo a kasuwa da injin ɗinkin buhu rataye a kafaɗa, na ji abin da kuke faɗa a bayan idona. Wai Baba Garba ya tsufa da basilla, kafin ya rufe buhu ɗaya inji ya rufe goma. Wai kuma ya cika fitina, ba ya barin ɗan dako ya sa wuya sai ya tsare shi ya ce ya fara ɗaga kunnen buhu ya ji nauyi, kamar wanda bai taɓa ganin gero ba. Duka biyun gaskiya ne, ban musa ba. Amma tunda kun ɗauka sana'ar nan basilla da zare ce kawai, ku matso ku ji yadda aka yi na zama haka.

Shekara arba'in da 'yan kai ke nan ina zaune a rumfar nan ta kasuwar hatsin garinmu, wadda ke ci ran Laraba, can gaba da Gezawa. Ubangidana Baba Nadabo, Allah ya jiƙansa, shi ya kawo ni. Shekara guda cur bai bar ni na taɓa bakin buhu ba. Aikina facin tsofaffin algarara da ɓera ya ci, da murza igiyar rama a cinya har gashin wurin ya ƙare. Kayan aikinmu ba su da yawa: basilla biyu, miƙaƙƙiya ta rufe baki da lanƙwasasshiya ta faci, sai 'yar wuƙa, sai guntun fata da ake ɗaurawa a tafin hannu don tura basilla. Wanda ya raina fatar nan, kwana uku ba zai iya cin tuwo da hannunsa ba.

Buhun farko da ya ba ni in rufe, na dawa ne, na wani manomi daga ƙauyen arewa da mu. Na zage na yi ɗinki ƙanana ƙanana, na ja igiya ta yi tamau, na tsaya ina jiran yabo. Baba Nadabo ya zagaya buhun sau ɗaya ya ce, "Ina kunnuwansa?" Na manta ban bar masa kunne ba, wato 'yan kusurwoyin nan biyu da ake tattarewa a sama don masu ɗagawa su sami wurin kamawa. Bai zage ni ba. Sai ya kira mutum biyu suka rungumo buhun da ƙyar suka ɗora mini a wuya, ya ce in kai shi tasha. Ban yi taku ashirin ba na zube. Yana tsaye a kaina ya ce, "Ka ji ko? Buhu ba shi da ƙafa, da wuyan mutum yake tafiya. Duk wanda za ka rufe, ka fara tuna mai wuyan." Na kwana biyu ina juya kai da ƙyar.

A wajensa na gaji ƙulli. Kowane mai ɗinki a kasuwa yana da ƙullinsa, kamar yadda kowane malami yake da hannunsa a allo. Namu ƙulli biyu ne a kunnen hagu, a bar wutsiyar igiya tsawon ɗan yatsa. Ma'anarsa ɗaya ce: tiya arba'in ce a ciki, a gabanmu aka auna, ba ƙari ba ragi. Buhu mai ƙullinmu har Dawanau yake zuwa ba a kwance shi ba. Manomi ya yarda da shi, ɗan kasuwa ya yarda da shi, amma waɗanda suka fi kowa karanta shi su ne 'yan dako. Kafin ɗan dako ya sunkuya, idonsa kan kunnen buhu yake zuwa, daga nan yake sanin yadda zai kafa ƙafa da yadda zai ɗaure ciki.

A cikin 'yan dakon akwai Ilu, sa'ana ne, tare muka yi makarantar allo. Gajere ne, mai kaurin wuya, ga surutu kamar rediyon mai shayi. Ni ina ce masa Jakin Kasuwa, shi yana ce mini Tela Maras Keke. Kun san yadda gonakinmu suke a nan, gado ya yayyanka su, wata in ka tsaya a wannan iyaka ka yi tari sai maƙwabci ya ce sannu. Gonar Ilu ba ta ciyar da gidansa wata huɗu, ga 'ya'ya bakwai. Sauran wata takwas ɗin wuyansa ne yake noma su.

Sai wata shekara ta zo. Damina ta yi gardama, ga shi kullum rediyo na cewa kason da ake turo wa jihohi ya ragu, an sami giɓi a kasafin kuɗi. Malaman makarantar garinmu suka yi wata da watanni ba albashi, har hedimasta ya fara sayar da ƙuli a bakin kasuwa. Ni dai tun daga jin kalmar giɓi na sha jinin jikina. Mu a sana'armu in buhu ya rage, ba a ƙara masa hatsi sai an juya shi an nemo inda yake tsiyaya. Masu mulki kuwa ban taɓa jin sun ce za su juya buhun ba, kullum maganar inda za a samo na ƙari ake yi. Na ce wa Ilu, "Ka sa ido, wannan giɓin a kasuwar nan za a cike shi." Ya ce ni dama ko limami ya yi mini sallama sai na duba aljihuna.

Ba a yi wata ba muka wayi gari da shinge a hanyar fita kasuwa, gora ɗaya da durom biyu. Da yake zaɓe ya matso, ba wanda ya yarda ya furta kalmar haraji. Aka ce sunansa gudummawar raya kasuwa. Aka ce kuma talaka manomi ba ruwansa, 'yan kasuwa ne za su biya, a kan kowane buhu da ya hau mota. An ba wani kamfani kwangilar karɓa, kamfanin da ba wanda ya taɓa jin sunansa ko ya san ofishinsa. Amma fuskokin da ke tsaye a shingen mun san su sarai, su ne masu manna fasta in 'yan siyasa za su zo. Rasit ɗinsu yau shuɗi, gobe fari, jibi a ce ya ƙare ka dai biya. Na tambayi babbansu, wani mai baƙin tabarau, ko wane ɓangare na kasuwar za a fara rayawa. Ya ce, "Baba, kai dai yi ɗinkinka."

Buhu mai hula daga nan ya fito. Tunda kan buhu ake ƙirga, ba tiya ba, sai 'yan kasuwa suka ce a yanko rabin tsohon buhu a ɗinka a saman wani, ya zama dogo kamar mutum a tsaye. Tiya sittin, kuɗin shinge na buhu ɗaya. Kuma da irinsa suke shiga ƙauye saye, su ce wa manomi buhu ai buhu ne, su ƙara masa ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Manomin da aka rantse ba ruwansa, shi ya fara biya. Masu ɗinkin kasuwa duk suka koma yin hula. Ni na ƙi, rumfata ta zama wurin kwanan awaki.

Ilu ya gwada ɗaukar mai hula kwana biyu. Ran na uku ya zo ya zauna kusa da ni yana dafe da ƙugu, ba wasa a fuskarsa. Ya ce, "Garba, na bar ɗaukar mai hula. Samari su ɗauka, su da sauran ruwa a ƙashinsu. Ni yanzu ƙullinka kawai nake bi. In na gan shi in sa wuya, in ban gan shi ba in wuce, ko da zan kwana da yunwa." Na ce, "To Jaki ya yi hankali." Ya yi dariya, ya ci mini rabin gyaɗata ya tashi.

Masu shinge ba su daɗe ba suka gane. Aka sanar cewa daga yau duk buhu mai hula biyu ne. Har gobe ina zargin tun farko da gangan suka bari, sai da kowa ya yanka buhunansa sannan suka rufe ƙofa. Kasuwa ta rikice, ni kuma mako shida ke nan ban riƙe kuɗin kirki ba, don masu kawo mini awon gaskiya sun ragu, rumbuna kuwa har ana jin ƙasansa.

Wata Litinin da hantsi Alhaji Mamuda ya yi sallama a ƙofar gidana. Babban mai sayen hatsi ne, duk mako sai ya cika gingimari biyu. Mutumin da bai taɓa taka zaurena ba, daga ganin takalminsa na san ba gaisuwa ta kawo shi ba. Ya ce, "Malam Garba, hula ta mutu. Ciki nake so." Ya zana mini a ƙasa da ɗan yatsa. A farke gefen buhu daga sama har ƙasa, a sa ƙyallen algarara mai faɗin tafi ɗaya da rabi, wanda ya tsufa daidai da buhun, a ɗinke ta ciki a juya. Tsawo bai canza ba, ido ba zai kama ba, amma zai sha tiya hamsin da biyar. Ya ce, "Duk kasuwar nan hannu ɗaya ne zai yi shi bai nuna ba. Kuma ƙullinka nake so a kai, don yaran shinge ma sun san shi, ba sa taɓawa."

Na ce, "Alhaji, ƙullin nan ba nawa ba ne, na Baba Nadabo ne."

Ya ce, "Allah ya jiƙan Baba Nadabo. Shi a zamaninsa akwai shinge? Gwamnati muke yi wa wayo, Malam Garba, ba talaka ba. Kuɗin nan kai ka san ba makaranta za su ba."

Nan ya kama ni, don ni ma haka na yi imani. Kuma ya faɗi ladan buhu ɗaya, ya fi abin da nake samu a goma. Na ce da sharaɗi: kada Ilu ya ɗauka, a ba samari, a kuma gaya musu su ɗaure ciki. Ya ce, "Haba, wannan ai ba komai ba ne, ni da kaina zan tsaya a wurin lodi. Amma maganar nan daga ni sai kai." Ni da ban yarda da rasit ba, ban yarda da rediyo ba, ban yarda da mai baƙin tabarau ba, ranar sai na yarda da ɗan kasuwa.

Buhu talatin na yi a zaure cikin kwana biyu. Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa aiki mai kyau kamarsa ba. Na zaɓi ƙyalle mai launi ɗaya da uwar buhun, na bi saƙar zare da zare da lanƙwasasshiyar basilla, na ninka ɗinkin sau biyu don kada nauyi ya farke shi, na shafa ƙasa a kan sabuwar igiya. Da na juya na farko ni kaina sai da na laluba kafin na sami wurin. Yaran Alhaji suka cika su da gero, na rufe kowanne da ƙullin Baba Nadabo. Ran Talata da la'asar na haɗu da Ilu a masallaci. Na buɗe baki zan gaya masa, sai na tuna bakinsa, kafin magariba duk teburin mai shayi ya ji, daga nan sai shinge. Na ce a raina gobe da safe na ja shi gefe. Da safen na gan shi yana ta barkwanci cikin mutane, na ce bari a ragu tukuna, ai Alhaji yana wurin.

Ga yadda ake lodin gingimari, don ku masu inji ba kwa zuwa can. Ana jingina dogon katako daga ƙasa zuwa bayan mota. Mutum biyu su kama buhu, ɗaya kunnuwa ɗaya gindi, su lilo shi su ɗora wa ɗan dako a wuya da kafaɗa, shi kuma ya hau katakon da ɗan gudu, don in ya tsaya a tsakiya katako zai yi lilo da shi. Duk lissafinsa kafin buhu ya sauka a kansa yake yin sa. In ya riga ya sauka, ba sauran shawara, sai gaba.

Ana cikin awo a rumfata, wajen azahar, na ji kasuwa ta ɗauki salati daga wajen tasha. Na yar da basilla na ruga. Alhaji Mamuda ba ya wurin, ashe tun hantsi ya tafi gidan wani biki. Ilu na kwance a ƙarƙashin katako, buhun gero a kan bayansa, mutane huɗu na ƙoƙarin janyewa. Waɗanda suka ɗora masa sun ce ya zo ya duba kunne, ko ɗamararsa bai ƙara ja ba, ya sunkuya ya ce a sa. A taku na huɗu gwiwarsa ta lanƙwashe. Buhun wani in ya faɗo daga nan fashewa yake, hatsi ya watse, nauyi ya ragu. Nawa ko zare ɗaya bai saki ba.

Aka kai shi wajen mai ɗori, daga nan asibiti a birni. Ya rayu, hannuwansa suna aiki, bakinsa ma haka. Ƙafafun ne ba su dawo ba.

Abin da ya biyo baya shi ya ƙarasa mini karatun siyasa. Mako bai cika ba ɗan takarar adawa ya zo gidan Ilu da masu ɗaukar hoto, ya tsuguna kusa da tabarmarsa ya ce ga abin da harajin zalunci ya yi wa talaka. Kwana biyu bayan haka mutanen gwamnati suka zo da nasu masu hoton da buhun shinkafa ƙarami, suka ce ga abin da haɗamar 'yan kasuwa ta yi wa talaka. Kowa ya yi amfani da ƙafafun Ilu ya tafi da su, shi aka bar shi da tabarma. Sannan aka kafa kwamiti. Kwamiti ya zauna ya gano cewa maganin abin shi ne buhu mai hatimin hukuma, kowa dole da shi zai yi lodi. Ku canki wa aka ba kwangilar sayar da buhun. Mai baƙin tabarau ya ƙara tebur ɗaya kusa da shingensa, kuɗin shinge na nan, ga kuɗin buhu a kai. Da zaɓe ya wuce, waɗanda suka yi kuka da shingen suka hau, suka canza wa durom fenti. Da shekara ta zagayo na kunna rediyo na ji wai an sake samun giɓi.

Amma kafin kwamitin ya tashi sai da ya zo garinmu. Sun ajiye buhun nan a matsayin shaida, sun farke shi sun ga cikin da aka yi masa, suna neman wanda ya ɗinka don a sami wanda za a ɗora wa laifi a rufe magana. Alhaji Mamuda ya rantse a Dawanau ya sayi buhunan haka, bai san komai ba. Duk kasuwa ta san ƙullin waye, amma kowa ya ce a tambayi wanda ya ɗauka. Aka cika zauren Ilu, ni ina rakuɓe a bakin ƙofa. Shugaban kwamiti ya ce, "Malam Ilu, an ce ku 'yan dako kuna gane mai ɗinki ta ƙulli. Na wa ka gani?"

Ilu ya dubi rufin zaure ya ce, "Ranka ya daɗe, ranar sauri nake, ban duba ba."

Suka juya tambayar ta kowace fuska, bai canza ba. Suka rubuta, suka tashi, aka raka su mota. Zaure ya rage daga ni sai shi. Tun faɗuwarsa kullum ina zuwa, amma cikin mutane nake fakewa, ban taɓa yarda mun haɗa ido ba. Ranar kunya ta hana ni tashi, ta kuma hana ni zama. Na matsa na ce, "Ilu."

Ya ce, "Tela, miƙo mini butar nan." Na miƙa masa. Ya sha ruwa, ya goge baki, sannan ya dube ni, ba faɗa a muryarsa, da ma ya yi faɗan. Ya ce, "Na duba, Garba. Da na ga buhun ya ɗan yi mini ƙiba a ido, sai na sake dubawa. Sau biyu na duba."

Shekara tara ya yi a kan tabarmar nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Duk Laraba in an tashi kasuwa gidansa nake fara biyawa da abin da na samu, yana karɓa, yana tsokanata, bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Ban sani ba ko ya yafe mini, don ban taɓa samun ƙarfin tambaya ba, kuma wannan yana cina har yau.

Daga ranar ban sake yin ƙullin Baba Nadabo ba. Wanda kuke gani ina yi yanzu kuna dariya, ƙulli ɗaya ne, irin na ɗaure bakin ƙunshin daddawa, ba ya gaya wa kowa komai. Na ji jiya a rediyo wai an sake samun giɓi, za a zo da sabon tsari na raya kasuwanni, to ku shirya, wani Alhajin yana nan tafe zaurenku da zane a ƙasa. Ni dai ɗan dakon da duk ya zo rumfata, ko ya yi fushi, sai na tsare shi ya kama kunnen buhu ya jijjiga ya ji da hannunsa. In ya ce, "Haba Baba, ai ɗinkinka ne," sai in ce masa shi ya sa.